Saƙo Ɗaya, Masu Sauraro Iri-iri: Tarihin Sake Fasalin Rubutun Jan Hankali a Jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo

Masu nazarin rubuce-rubucen da shugabannin jihadin ƙarni na 19 suka bari a ƙasar Hausa sukan lura, tun kafin su yi nisa da karatu, da yadda mas'aloli iri ɗaya suke ta dawowa a cikin littattafai da waƙoƙi daban-daban. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ayyuka ɗaruruwa a tsakaninsu, amma ginshiƙan maganarsu ba su da yawa: tauhidi, da raya sunna, da barin bidi'a, da adalcin shugaba, da haƙƙin mace na neman ilimi, da tsoron ranar hisabi. Abin da ke sauyawa daga wani aiki zuwa wani shi ne harshen da aka yi amfani da shi, da tsawon rubutun, da kasancewarsa zube ko waƙa, da irin hujjar da aka gabatar, da kuma zafin lafazi ko sanyinsa. Wannan sauyi ba haka kawai yake faruwa ba, domin a duk lokacin da mai sauraro ya sauya, ko buƙatar jama'a ta sauya, marubutan sukan koma kan abin da suka riga suka faɗa su sake masa fasali, kuma a wannan ɗabi'a ta komawa kan rubutu ne ƙarfin alƙalaminsu ya ta'allaƙa fiye da yawan abin da suka wallafa.

Gadon balaga da kayan aikin malamai

Rubutun jan hankali shi ne rubutun da aka yi shi domin mai karatu ko mai sauraro ya sauya ra'ayinsa, ko ya aikata wani abu, ko ya bar wani abu, saɓanin rubutun da manufarsa ta tsaya ga ba da labari ko taskace ilimi. Malaman da suka tashi a Degel, garin da Shehu ya fara wa'azi, ba su ƙirƙiro ƙa'idar dacewar magana da mai jinta ba, sun same ta ne a cikin ilimin balaga, wato fannin da ke koyar da yadda ake isar da ma'ana ta hanya mafi tasiri, wanda yake cikin fannonin da Abdullahi ya lissafa a littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya ambaci malamansa da abin da ya karanta a wurinsu. Malaman balaga sun gina fanninsu a kan abin da suke kira muƙtadal hali, ma'ana abin da halin da ake ciki yake bukata, har suka bambanta yadda ake gaya wa mutum labarin da bai taɓa ji ba, da yadda ake gaya wa mai kokwanto, da yadda ake gaya wa mai musu, kowanne da gwargwadon ƙarfafawar da ta dace da shi.

Baya ga wannan ƙa'ida, al'adar karatun zaure ta tanadar wa malami hanyoyi sanannu na sake fasalin rubutu. Akwai taƙaitawa, inda ake tace babban littafi a fitar da ƙashin bayansa. Akwai sharhi, inda ake faɗaɗa gajeren matani da bayani da hujjoji. Akwai nazmu, wato mayar da zube waƙa domin sauƙin hadda. Akwai tarjama daga wani harshe zuwa wani. Sannan akwai tahamisi, inda wani mawaƙi yake ƙara layuka uku a gaban kowane baiti mai layi biyu har baitin ya zama mai layi biyar, ta yadda zai fayyace abin da mai asalin waƙar ya dunƙule. Duk waɗannan sun girmi jihadi da ƙarnoni masu yawa. Abin da jama'ar Shehu ta yi shi ne ta fitar da su daga hidimar ɗalibai kaɗai, ta sa su a hidimar kiran al'umma baki ɗaya.

Al'ummar kuwa ba iri ɗaya ba ce. A Gobir da Zamfara da Kabi na ƙarshen ƙarni na 18 akwai malamai masu karanta Larabci waɗanda ba sa karɓar magana sai da nassi, akwai Fulani makiyaya da Fulanin gida masu jin Fulatanci, akwai manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a Hausawa, akwai sarakuna da fadawansu, akwai kuma mata waɗanda galibinsu ba a ba su damar zuwa gaban malami ba. Takarda kuma kaya ce mai tsada da fatake suke ratso Sahara da ita, kuma littafi ba ya yaɗuwa sai wani ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya kwafe shi shafi bayan shafi. Saboda haka wanda ya rubuta littafi da Larabci ya san da mutane ƙalilan yake magana, wanda kuma ya tsara waƙa da ajami, wato harshen gida da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, ya san cewa da zarar mutum ɗaya ya haddace ta, za ta iya kai wa ga ƙauyen da babu ko takarda ɗaya a cikinsa.

Zamanin wa'azi

An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya kuma fara wa'azi a Degel wajen 1774 yana ɗan kimanin shekara 20, daga nan ya yi tafiye-tafiye zuwa Kabi, sannan ya yi kusan shekara 5 a Zamfara. Abdullahi, wanda yake tare da shi a waɗannan tafiye-tafiye, ya bayyana a Tazyinul Waraƙati cewa suna kiran mutane da harsunansu, suna kuma tsara musu waƙoƙi da ajami. Bello kuma, a Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya siffanta majalisin mahaifinsa dalla-dalla: yadda yake fitowa fuska a sake, ya yi wa jama'a sallama da murya mai kai wa ga kowa, ya nemi a yi shiru, sannan ya bi batutuwansa a jere daga tauhidi zuwa tsarki da salla da azumi har zuwa gyaran zuciya, ba tare da ya nuna ƙosawa da masu katse shi da tambaya ba. Abin lura a nan shi ne batutuwan da Bello ya lissafa su ne dai batutuwan littattafan Shehu na Larabci, sai dai an sauke musu nauyin ambaton malamai da saɓaninsu, an bar hukunci da misali.

Littafin Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, wanda Shehu ya rubuta wajen 1793, ya nuna ɗaya fuskar aikin. Babi 33 ne, kuma a kowane babi marubucin yakan fara kawo abin da sunna ta tabbatar a kan batun, sannan ya jero bidi'o'in da aka shigar a cikinsa, yana jingina kowace magana ga malaman da suka gabata, domin mai karanta shi malami ne da zai tambayi madogara. Daga baya Shehu ya fitar da Bayanul Bida'ish Shaiɗaniyya, wanda ya fi gajarta ƙwarai, ya kuma mayar da hankali ga jerin bidi'o'in kansu, ta yadda ɗalibi zai iya kwafe shi cikin ɗan lokaci ya karantar da shi a ƙauyensu. Irin waɗannan batutuwa kuma suka sake fitowa a waƙoƙinsa na Fulatanci, inda gargaɗi da tsoratarwa da kwaɗaitarwa suka maye gurbin jerin madogara.

Wannan kula da talaka a matsayin mai sauraron da ya cancanci a yi masa magana da abin da zai gane tana da tushe a cikin aƙidar Shehu kanta. A zamaninsa an sami wasu ɗalibai masu zurfafawa a ilimin kalam, wato fannin kafa hujjojin hankali a kan aƙida, waɗanda suke titsiye mutanen gari da tambayoyi a kan siffofin Allah, duk wanda ya kasa amsawa da salonsu sai su kafirta shi, su haramta yankansa da aurensa. Shehu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce masu yawa, ciki har da Hisnul Afhami, yana tabbatar da cewa imanin mutumin da ya furta shahada ya kuma bayyana Musulunci ingantacce ne ko da bai iya jero hujjojin malamai ba. Wanda ya ɗauki wannan matsayi dole ne ya ɗora wa kansa nauyin sauƙaƙa ilimi, domin ya riga ya yarda cewa mutanen nan Musulmi ne masu buƙatar koyarwa.

Haka ma batun mata. Lokacin da suke Zamfara wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko da waƙar Larabci yana sukar halartar mata majalisin wa'azi, Shehu kuwa ya umarci Abdullahi ya mayar masa da amsa, shi kuma ya amsa da waƙar Larabci a kan kari da amsa-amon waƙar mai sukar, yana kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni a kan abin da ake gudu. A Nurul Albabi kuma Shehu ya juya ga malaman da suke koyar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba karatu, har ya fuskanci matan kansu yana jan hankalinsu kada su saurari masu umartarsu da biyayyar miji ba tare da umartarsu da biyayyar Allah da Manzonsa ba. Hujja ɗaya ce aka kai wa malami mai suka da irin makaminsa, aka kai wa magidanta a matsayin zargi, aka kai wa mata a matsayin kira.

Ga sarki kuwa an zaɓi taƙaitawa. A taron Babbar Salla da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami wajen 1788, Shehu ya ƙi karɓar kyautar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abubuwa 5 a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa sarautar Bawa kai tsaye, kowanne abu ne da sarki zai iya amincewa da shi a gaban jama'a ba tare da ya zubar da girmansa ba, amma a haɗe sun ba jama'ar Shehu filin da ta yi shekaru tana bunƙasa a cikinsa.

Takardar shela da littafin hujja

Al'amura sun sauya a zamanin Sarkin Gobir Nafata, wanda ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana ɗaura rawani da yin lulluɓi, sannan suka ƙara tsananta a zamanin Yunfa har aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka kuma gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. Manufar rubutu ta tashi daga gyaran ibada ta koma tara mutane da halatta yaƙi, kuma ayyuka biyu na wannan zamani sun nuna yadda aka raba aikin gida biyu. Wasiƙatu Ahlis Sudan gajeriyar takarda ce mai hukunce-hukunce 27, kowanne jimla ɗaya ko biyu, kusan duka an rufe su da cewa wannan hukunci ijma'i ne, wato malamai sun haɗu a kansa. Ba a kawo saɓani ba, ba a tsawaita ambaton littattafai ba, domin takarda ce da ake so manzo ya ɗauka a cikin gafaka, a karanta ta a tsaye a gaban taro, a fassara ta nan take, mai sauraro kuma ya tashi ya san abin da ya wajaba a kansa da abin da ya haramta.

Bayanu Wujubil Hijra alal Ibadi, wanda aka kammala a 1806, ya ɗauki waɗannan hukunce-hukunce ya shimfiɗa su a babi 63, tare da ayoyi da hadisai da maganganun malaman mazhabar Malikiyya, ya kuma ƙara da abin da takardar farko ba ta bukata ba: sharuɗɗan naɗa shugaba, da naɗa alƙalai da gwamnoni, da hukuncin ganima, da tarihin Annabi da halifofinsa a matsayin abin koyi. Masu karanta shi su ne malaman da aka ba tuta, waɗanda a lokacin garuruwa suka fara shiga hannunsu, suna kuma fuskantar tambayoyin da shela ba ta amsawa. A Kitabul Farƙi kuma, inda aka bambanta mulkin adalci da mulkin zalunci, marubucin ya tsarma sunayen Hausa a tsakiyar Larabcinsa, ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa da tawasa da kamuwa, domin kada mai karatu ya ɗauka ana maganar zaluncin wata ƙasa mai nisa ne, alhali ana nufin abin da ake karɓa a kasuwar garinsu da ƙofar fadarsu.

Mai karatun da ya ƙi yarda

Jarrabawa mafi tsanani da wannan alƙalami ya fuskanta ta zo ne daga Barno. Bayan da masu bin tutar Shehu suka ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi, wanda ya taimaki Mai na Barno ya ƙwato birnin, ya rubuto wasiƙu yana neman a gaya masa dalilin yaƙar mutanen da suke salla da azumi da zakka. Ya yarda cewa akwai saɓo a Barno, kamar cin hanci da fitar mata ba lulluɓi da wasu al'adu na yanke-yanke, amma ya kafa hujja da cewa saɓo ba kafirci ba ne, cewa babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga irinsa, kuma cewa littattafan Shehu da kansu, waɗanda ya ce ya gani, ba su goyi bayan abin da mabiyansa suke aikatawa ba. Maganar tana da nauyi ƙwarai, domin Shehu ya riga ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru a kan wannan mas'ala, ya ƙi yarda a kafirta mutum saboda babban zunubi.

Ga irin wannan mai karatu jerin bidi'o'i ba zai wadatar ba, kuma amsoshin da Bello ya rubuta sun nuna an gane haka. Ba a janye zargin al'adun shirka ba, amma an mayar da nauyin hujja kan abu biyu: cewa jama'a ta fara yaƙi ne domin kare kanta bayan an kore ta an kuma far mata, da cewa Mai na Barno ya goyi bayan sarakunan Hausa a kan jama'a, wanda a wurinsu ya shiga babin muwalati, wato jiɓintar masu yaƙar Musulmi. Shehu ma ya sake tsara dalilan jihadin a Ta'alimul Ikhwani a 1813. Babu ɓangaren da ya sallama wa ɗaya, kuma an sake gwabza yaƙi a shekarun 1820 kafin iyaka ta zauna, amma muhawarar ta tilasta wa marubutan Sakkwato su tace hujjarsu su ajiye ta a kan abin da suke ganin zai iya jure binciken malami irinsu. Bello ya kuma shigar da wasiƙun al-Kanemi a cikin Infaƙul Maisuri tare da amsoshinsu, wanda hakan ya sa masu karatu na baya suka sami damar auna hujjojin ɓangarorin biyu da kansu.

Bayan nasara

Da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, mai sauraro ya sake sauyawa ba tare da ya bar wurinsa ba, domin mutanen da jiya ake zalunta su ne yau suke riƙe da garuruwa da kotuna da kasuwanni. Abdullahi ya ga alamun son duniya tun kafin wannan lokaci, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano, inda jama'ar birnin suka roƙe shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki da shari'a. Shehu kuwa ya ɗauki hanya biyu a lokaci guda. A cikin littattafansa na Larabci na wannan zamani, irin su Misbahu li Ahli Hazaz Zamani na 1808 da Najmul Ikhwani na 1812, ya sassauta lafazi, yana jaddada cewa addini sauƙi ne, saɓanin malamai rahama ne, kuma ba a tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa, har ya kawo maganganun masu sauƙaƙawa a kan kaɗa ganga da sanya tufafin ado da amfani da laƙabin sarauta. Dalilin a bayyane yake: masu karanta waɗannan littattafai malamai ne da suka fara zargin juna, kuma al'ummar da ta faɗaɗa haka ba za ta zauna ba idan kowace mas'alar saɓani ta zama dalilin fitar da mutum daga jama'a. Abdullahi bai gamsu da dukkan wannan sassauci ba, ya kuma bayyana ra'ayinsa a Liya'us Sulɗani, abin da ke nuna cewa ko a cikin gida ana muhawara a kan inda dacewa da zamani ya kamata ta tsaya.

A daidai wannan lokaci, yana zaune a Sifawa, Shehu ya tsara waƙar Fulatanci da aka fi sani da sunan Tabbat Haƙiƙa, wadda babu sassauci a cikinta ko kaɗan. Ta bi masu mulki da alƙalai da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, tana gargaɗin mai cin amanar talakawa, da alƙalin da ke karkata hukunci saboda abin hannu, da mai ƙwace gonar wani, da mai tauye mudu, da mai bautar da ɗa, kowanne da azabar da ke jiransa. Sassaucin Najmul Ikhwani da zafin wannan waƙa ba sa karo da juna, domin na farko ya shafi mas'alolin da malamai suka yi saɓani ne, na biyu kuma ya shafi zalunci, wanda babu saɓani a kan haramcinsa. A Najmul Ikhwani ɗin ne kuma Shehu ya shawarci jama'a su lazimci littattafan malaman zamaninsu, saboda su suka fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu, ya nuna su ga rubuce-rubucen Abdullahi a kan shari'a da na Bello a kan siyasa. Bello ya bi wannan tafarki bayan haka, yana rubuta wa sarakuna nasiha gwargwadon buƙatar kowanne, kamar Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje.

Nana Asma'u da komawa ga Hausa

Shehu ya rasu a 1817, kuma a shekarun da suka biyo baya daular ta cika da mutanen da ba su ga Degel ba, ba sa jin Larabci, da yawansu ma ba sa jin Fulatanci, ciki har da ɗimbin mata da aka kamo a yaƙe-yaƙen Gobir da sauran wurare, waɗanda suka taso cikin al'adar bori. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ita ce ta fi kowa ɗaukar nauyin sake fasalin gadon mahaifinta domin waɗannan mutane. Wajen 1831 ta mayar da Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, kuma wannan tarjama ta sauya aikin da waƙar take yi: a Fulatanci gargaɗi ce da shugaba ya yi wa na kusa da shi, a Hausa kuwa ta zama ma'aunin da talaka zai iya auna hakiminsa da alƙalinsa da shi. Ƙanenta Isa, wanda aka haifa a shekarar da Shehu ya rasu, ya yi wa waƙar tahamisi, ya kuma mayar da wasu waƙoƙin mahaifinsu da na Asma'u zuwa Hausa, ciki har da waƙarta ta tarihin gwagwarmayar Shehu, wadda ta tsara da Fulatanci a 1839, aka kuma san tarjamar Hausar da sunan Waƙar Gewaye.

Aikin da ya fi bayyana hikimar Asma'u shi ne abin da ta yi da Kitabun Nasiha na Bello, littafin zube na Larabci a kan salihan mata, wanda shi ma ya ɗebo daga Sifatus Safwa na Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza na ƙarni na 12. Asma'u ta mayar da shi waƙa da Fulatanci wajen 1836, sannan da Hausa a shekarar da ta biyo baya, inda aka san ta da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta taƙaita labaran har kowace mace ta sami baiti kaɗan da ke ɗauke da halin da ake so a koya daga gare ta, ta jero matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa su da matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu, masu karantarwa da sulhunta mutane da taimakon maƙwabta. Da wannan sai waliccin da yake kamar labarin Basra da Misra ya zama abin da macen ƙauye za ta ga ana iya kai wa gare shi a Sakkwato da Wurno. Haka ta yi da waƙarta mai jero sunayen surorin Alƙur'ani, wadda ta fito da Fulatanci, sannan da Hausa, sannan da Larabci, cikin kimanin shekara 20.

Ba ta tsaya ga gyaran matani ba, ta tsara har hanyar da zai bi ya isa. Ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda kowace tawagar mata daga ƙauye take zuwa ƙarƙashin jagorancin jaji, dattijuwa amintacciya wadda Asma'u take naɗawa ta hanyar ɗora mata malfa a naɗe ta da jan ƙyalle. Tawagar takan ƙunshi tsofaffi da 'yan mata, saboda matan aure masu ƙuruciya ba sa iya barin gidajensu, su zo da sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu, su zauna su haddace waƙoƙin, su koma su rera wa waɗanda suka bari a gida. Malfar kanta sananniyar alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori, saboda haka macen da ta ga jaji ta san nan take cewa mai iko ce a sha'anin mata, sai dai abin da take ɗauke da shi ya bambanta. Asma'u ta ci gaba da wannan aiki har rasuwarta a 1864, ƙungiyar kuma ta wanzu bayanta.

Abin da aka gada

Al'adar ba ta ƙare da ƙarni na 19 ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, Waziri Buhari ya rubuta risala da Larabci zuwa ga ma'abota ilimi yana kafa hujjar zamansa tare da jama'a maimakon bin masu hijira, domin malamai ne masu zarginsa, kuma da harshen fiƙihu kaɗai zai iya amsa musu. A tsakiyar ƙarni na 20 kuma Sa'adu Zungur, wanda ya iya Larabci da Turanci, ya zaɓi waƙar Hausa lokacin da ya so ya yi wa sarakuna da talakawan Arewa magana a kan makomar mulkinsu a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya.

Tarihin nan ya nuna cewa gyaran rubutu domin mai sauraro aiki ne mai sharuɗɗa, kuma marubutan Sakkwato sun cika su gwargwadon iko. Sun san mutanen da suke wa magana saboda sun zauna a cikinsu shekara da shekaru, sun san abin da suke so kowane rubutu ya cim ma kafin su ɗauki alƙalami, sun kuma bambanta abin da za a iya sauyawa, kamar harshe da tsawo da misali da zafin lafazi, da abin da ba su yarda a taɓa ba, kamar haramcin zalunci da wajabcin ilimi a kan namiji da mace. Inda suka yi saɓani a tsakaninsu, kamar yadda ya faru tsakanin Shehu da Abdullahi, a kan wannan iyaka ce suka yi shi, kuma sun yi shi a rubuce, kowa da hujjarsa. Marubucin yau da yake neman shawo kan jama'a a kan lafiya ko ilimi ko zaɓe, wanda sau da yawa yakan tsara saƙonsa da wani harshe sannan ya miƙa a juya shi kalma da kalma, yana da abin koyi a wurin mutanen da suka ɗauki kowane sabon mai sauraro a matsayin dalilin sake zama a rubuta saƙon tun daga farko.